Keken Inna da Kwalekwalen Kan Tudu

Assalamu alaikum, Hajiya Ummusalma.

Don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, domin in mutanen layinmu suka gane ni ne na rubuto wa mace takarda ina neman shawara a kan maganar ƙarfi, to na kaɗe. Matata ce ke karanta filinki. Ni kuwa, in faɗa miki gaskiya, dariya nake yi wa mazan da ke kawo miki kuka. Yau ga ni a layi.

Shekaruna hamsin da ɗaya. Walda nake yi a Dutse Uku, ƙofofi da tagogi da ƙafar tankin ruwa. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe, kuma ba a irin wuraren nan masu madubi da kiɗa ba, inda samari ke zuwa su ɗauki hoto su tafi. Rumfa muke da ita a bayan shagona, mu shida, duk magidanta. Kayanmu da hannuna na haɗa su, daga ƙarafan birkin tsoffin manyan motoci da simintin da muka zuba a bokitin fenti. A layinmu in za a sauke janareta daga mota, ko za a hau bene da firji, ni ake aika wa. Ban faɗi wannan don yabon kai ba, na faɗa ne don ki san da wanda kike magana.

Mahaifiyata, muna kiranta Inna, ta kusa tamanin. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, shekara biyu ke nan tana kan keken marasa lafiya. Bana Allah ya nufa mu 'ya'yanta muka haɗu muka sama mata kujerar aikin Hajji, da kujera ɗaya ta wanda zai raka ta. Da aka zauna za a zaɓi ɗan rakiya, ba ta bari an yi wata muhawara ba, ni ta nuna. Ta ce tun rasuwar mahaifinmu ni nake sungumarta in sa ta a mota, kuma ba ta so a wurin ɗawafi baƙon hannu ya tura ta, hannun da ta sani take so a bayanta. Hajiya, ranar sai da na zagaya bayan gida na share ido, domin ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

To ga inda gizo ya fara mini saƙa. Waɗanda suka je sun gaya mini turin keke a can ba wasa ba ne, ga nisa, ga zafi, ga cinkoso, kuma ba rana ɗaya ba. Sai na ce bari in fara saba hannu. Duk Asabar nakan tura Inna daga gidanmu zuwa gidan ƙanwarta, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba, sai dai hawa ce, kin dai san yadda garin nan yake. Inna ba ta kai nauyin buhun shinkafa ba. Ni da nake kwanciya in tura ninkinta uku daga ƙirjina! Amma wallahi ranar farko ko rabin hawan ban kai ba ƙirjina ya ɗauki zafi, numfashina ya dinga fita kamar na tsohon babur, gumi ya jiƙa mini riga a wannan sanyin namu. Sai na tsaya na ciro waya na kara a kunne, na yi ta gaisawa da wanda bai kira ni ba, har na samu kaina. Sau uku na yi wannan abin kunyar a Asabar daban-daban.

Sa'ata ɗaya ita ce Inna ba ta sani ba. Kuma Allah ya rufa mini asiri da wata sabuwar ɗabi'a da ta ɗauko, irin ta tsofaffi. Yanzu da mun kai wajen mai tumatir ɗin da ke tsakiyar hawan, sai ta ce a tsaya za ta taya. Ta juya wannan, ta ƙi wancan, ta tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe ko ƙwaya ɗaya ba ta saya. Mu yi gaba kaɗan, a inuwar masallaci sai ta ce mayafinta ya zame, a tsaya ta gyara, mayafin da ni ban ga abin da ya same shi ba. Kullum wurare biyun nan. Abin har haushi yake ba ni wani lokaci, amma dai ina samun in ja numfashi ba tare da na yi ƙaryar waya ba.

Akwai ƙanena Zainulabideen, malamin firamare ne a Gangare. Siriri ne, in ya ɗauki jarkar ruwa sai ya sauya hannu sau uku kafin ya kai ƙofa. Bai taɓa ɗaga abin da ya fi alli nauyi ba, aikinsa kawai yawo a ƙasa, safe da yamma, shi da makaranta. Wata Asabar aiki ya riƙe ni, shi ya tura Inna. Daga baya na ji wai tun daga gida har gidan ƙanwarta bai tsaya ba, yana tafe yana ba ta labari. Bayan sati biyu ya tarar da ni a bakin masallacin nan na dafa keke ina haki. Sai da yamma, a bayan idon Inna, ya same ni a shago, cikin wannan ladabin nasa mai ƙona rai, wai in na ga tafiyar za ta yi mini nauyi shi a shirye yake. Ni! Na ce masa ya je ya ji da allonsa. Babbar yayarmu Safara'u ce ke riƙe da maganar takardu, kuma ta ce ƙarshen watan nan za ta miƙa fasfo, sunan da ya shiga ya shiga ke nan. Saura mini sati uku, tafiyar kuma saura wata huɗu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na rubuto. Akwai wani Datong mai ɗan gidan motsa jiki a Daɗin Kowa, yakan kawo mini gyaran ƙarafansa. Na ba shi labarin a matsayin na wani abokina. Ya saurara, ya kalli cikina, ya kalli gwiwata ta dama da nake ɗan ɗingisa ta, ya ce a gaya wa abokin nawa kada ya fara gudu da wannan nauyin, gwiwa za ta tafi. Wai yana da wani inji da ake tuƙi a kansa kamar ana tuƙa kwalekwale, in aka haɗa shi da ɗaga ƙarfe numfashi zai dawo. Sai ya ƙara da cewa in oga, wato ni, yana so ya zo ranar Talata ya gwada wa abokin nasa.

Na je. Hajiya, ban san ko kin taɓa ganin wannan abin ba. Wani dogon ƙarfe ne a kwance a ƙasa, da 'yar kujera mai zamewa a kai gaba da baya, da wurin ɗaure ƙafa, da sanda mai sarƙa da kake ja zuwa ciki, a gaba kuma fanka ce a cikin keji. Shi ke nan. Kwalekwale a kan siminti, a garin da in ka cire tafkunan da masu haƙar kuza suka bari babu ruwan da zai kai wa mutum wuya. Ka zauna ka yi ta ja, ka yi ta zufa, ba ka je ko'ina ba. Na tambayi Datong ina nauyin yake, ya ce iskar fankar ita ce nauyin. Iska! Shekara ashirin da bakwai ina kokawa da ƙarfe, wai yau iska zan ja.

A gefen fankar akwai wani ɗan hannu mai lamba ɗaya zuwa goma. Datong ya sa shi a huɗu. Yana juya baya na kai shi goma, domin ni ban taɓa fara abu daga huɗu ba. Kuma da safen nan na riga na yi ɗagata a rumfa, mai nauyi, ta baya da kafaɗa, don kada in je da sanyin jiki. A inji na kusa da ni akwai wata Madam Loyis, tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya, ta haura sittin, da ɗankwalinta da takalmin roba. Na ce a raina yau wannan baiwar Allah za ta ga aiki. Na damƙi sandar na fara fizga da ƙarfin damtse, har injin yana ɗagawa daga ƙasa. Datong ya rugo yana ta cewa oga da ƙafa ake turawa, hannu na ƙarshe ne. Na yi banza da shi.

Ɗan agogon injin ya nuna minti uku da 'yan daƙiƙu lokacin da na fara ganin duhu. Na saki sandar, na zame gefe na zauna a ƙasa, ƙafata ɗaya tana ɗaure. Ita kuwa Madam Loyis tun kafin in hau take tuƙi, tana yi tana ba Datong labarin bikin jikarta. Ta tsaya ta miƙo mini ruwanta, ta yi mini sannu, ta ce in je a auna jinina, sannan ta koma ta ci gaba daga inda ta tsaya, da tuƙin da labarin. Da ƙasa ta tsage da na shige. Datong ya ce in dawo Alhamis ya koya mini daga farko. Na ce masa mutumin da cinyarsa ba ta kai damtsena ba ba zai koya mini motsa jiki ba, na ɗauki hulata na fita.

Amma ban bar maganar ba, domin ni mai walda ne, abin da na gani sau ɗaya zan iya haɗa shi. Cikin kwana huɗu na ƙera nawa a rumfa, da kujerar babur a kan tayoyin ƙofa, da sarƙar keke. Kuma na gyara musu kuskurensu. Maimakon fanka, na ratsa sarƙar ta kan gargare, irin na jan guga, na rataya mata bokitin siminti, nauyi na gaske wanda namiji zai ji a jikinsa. Ina ja goma, in huta mu yi hira, in sake ja goma, kamar yadda muka saba. Abokaina sun yaba, har ɗaya ya ce in fara ƙerawa ina sayarwa. Wata guda na yi a kai. Kafaɗuna sun ƙara buɗewa, rigunana sun matse. Sai dai ƙuguna ya riƙe, yanzu ruku'u ma sai na dafa gwiwa a hankali. Asabar ɗin da ta wuce kuwa, da muka kai wajen mai tumatir, da Inna ba ta ce a tsaya ba da na faɗi.

Asibiti ban je ba, kuma ban taɓa auna jini ba, domin ni dai na san asibiti na marasa lafiya ne. Wani lokaci ƙeyata takan yi ciwo, in sha magani ya wuce.

Hajiya, ki gaya mini gaskiya. Wannan injin nasu na iska yana da wani amfani, ko dabarar raba mutane da lokacinsu ce? In na haɗa shi da ƙarfe, jikin da na yi shekaru ina ginawa ba zai zube in koma kamar Zainu ba? Dole ne sai na koma wajen Datong bayan abin da na gaya masa? Tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Ina tsoron in tsaya a tsakiyar ɗawafi da mahaifiyata a gabana, jama'a na ture mu, babu mai tumatir, babu inuwa. Kuma ina tsoron in je in ce mata ɗan da ta nuna ba zai iya ba.

Naku,
Mai Ƙarfe, Dutse Uku.

Wa alaikumus salam, Mai Ƙarfe.

Barka da shigowa layi. Wuri akwai, kuma waɗanda ka yi wa dariya ba su riƙe ka ba.

Na karanta takardarka sau biyu, na ƙirga waɗanda ka raina a ciki: samari masu hoto, ƙanenka, Datong, Madam Loyis, inji, iska, asibiti, da ni. A cikinmu duka babu wanda ya zauna a ƙasa da ƙafa ɗaya a ɗaure. Ka fara da riƙe wannan.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai takardarka, ba tare da alamar da za a gane ka ba, wajen wata ƙawata Adaugo, wadda aikinta ke nan a asibiti, gyaran gaɓoɓi da koya wa marasa lafiya motsa jiki. Ta yi dariyar bokitin simintinka har da hawaye. Amma da ta zo wajen zafin ƙirji da ganin duhu da ciwon ƙeya, sai ta daina dariya. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, mai jiki, wanda ƙirjinsa ke zafi a hawan minti goma sha biyar, ba maganar inji ya kamata ya fara yi ba. A cikin satin nan ka je asibiti a auna jininka, a duba zuciyarka da sukarinka, a duba ƙugun nan. Ka gaya wa likita komai yadda ka gaya mini, ba a bakin wani abokinka ba. Mai yiwuwa rashin sabo ne kawai, kuma haka muke fata. Amma tsohuwar malamar asibiti ta kalle ka ta ce ka auna jini, kai kuma ka tsaya kallon takalminta. Kafin likita ya yi magana, kada ka hau injin kowa, kuma ka rage nauyin da kake ɗagawa, domin riƙe numfashin da kuke yi in kun ɗauki mai nauyi yana tayar da jini.

Game da ƙarfenka, ba zan raina shi ba kamar yadda ka raina na mutane. Inna ba ta yi kuskure ba. A wannan tafiyar za a buƙaci mai ɗaga ta daga keke zuwa mota, daga mota zuwa masauki, mai naɗe keken ya saɓa a kafaɗa, mai tare mata jama'a da jikinsa. Wannan Zainulabideen zai sha wuya a kai, kai kuwa ko a jikinka. Matsalar ita ce shekara ashirin da bakwai kana koya wa jikinka aikin daƙiƙa ashirin, sannan hutu da hira. Shi kuwa malamin da ka ce ya ji da allonsa, kullum yana koya wa zuciyarsa da huhunsa aikin awa guda ba tsayawa. Kowannenku rabin abin da Inna ke buƙata yake da shi. Bambancin kawai, shi bai zage ka a kan rabinka ba.

Injin Datong kuwa yana da amfani, kuma ga mai ciwon gwiwa irinka ya fi gudu sauƙi. Abin da ka ƙera a rumfa ba gyara ba ne. Ka ɗauki abin da aka yi don numfashi ka mai da shi wani ƙarfen ɗagawa, ka ja goma ka huta, sannan kana mamakin kafaɗa ta ƙaru numfashi bai ƙaru ba. Ƙugun ma shi ya cinye maka. Ka kwance bokitin nan yau, tayoyin su koma ƙofa. Lambar nan ta gefen fanka ba jarrabawar maza ba ce da za ka ce sai ka ci goma bisa goma, yawan iskar da ke shiga kawai take sauyawa, kuma Adaugo ta ce huɗun da aka sa maka nan ne wurinka. Tuƙin da ƙafa ake yin yawancinsa. Ka tura da ƙafafu, sannan ka ɗan kwanta baya kaɗan da baya a miƙe, sannan hannu ya ƙarasa. Wajen komawa hannu ne farko, ƙafa ta zo ƙarshe, a hankali. Abin da Datong yake ta ƙoƙarin gaya maka ke nan lokacin da kake auna cinyarsa.

In likita ya ba ka hanya, ga yadda za ka haɗa su. Kada ka sake yin ɗagar baya mai nauyi da safe sannan ka je ka hau inji, gajiyayyen ƙugu shi ke lanƙwashewa a tuƙi. Ka raba musu ranaku. Tuƙi sau uku a sati, ƙarfe sau biyu, Juma'a ka huta. Ka fara da minti biyar, ka sauka ka ɗan taka, ka ƙara biyar. Kowane sati ka ƙara kaɗan, har ka kai rabin awa a zama ɗaya, ko da zai ɗauke ka wata biyu. Ma'auninka shi ne Madam Loyis: in ba za ka iya ba da labari kana tuƙi ba, ka yi sauri da yawa, ka sassauta. Na san wannan zai yi maka ciwo, domin a wurin babu abin da za a tafa maka. Jikinka kuma ba zai zube ba. Ɗaga ƙarfe sau biyu a sati da cin abinci yadda ya kamata sun isa su riƙe maka shi, in ma wani abu ya ragu to cikin da Datong ya kalla ne. A ranakun ƙarfe ka ba ƙafafu da ciki haƙƙinsu, domin damtse ya samu rabonsa har na shekara goma masu zuwa. Wata rana a tsakiyar sati ka ari keken in Inna tana hutawa, ka ɗora masa buhun masara ka hau wannan hawan. 'Yan layinku za su yi magana. Su yi.

Ka tambaya ko dole ne ka koma wajen Datong. Dole ne. Ka je da bakinka ka ba shi haƙuri, ba a bakin abokinka ba, domin tun ranar farko ya san waye abokin. Mutumin da ka yi banza da shi amma ya ce ka dawo Alhamis, irinsa ba a samunsu a kowane layi.

Maganar fasfo kuma, sati uku sun ishe ka ka ji daga likita. In ya ce zuciyarka lafiya, rashin sabo ne, to wata huɗu lokaci ne mai yawa ga mutum mai naci irinka, Yaya Safara'u ta miƙa sunanka. In ya ce akwai abin da sai an yi jinya, to ka kira Zainulabideen da kanka ka miƙa masa kujerar, ka koya masa yadda ake ɗaga Inna ba tare da an ji mata ciwo ba. Zai yi maka zafi, na sani. Amma tafiyar ta Inna ce, ba gasar 'ya'yanta ba, kuma ba ta tara kusan shekara tamanin tana jiran wannan rana don ta ƙare a bakin gadon ɗanta a asibitin wata ƙasa ba. Ko da kai ne ka je, in ka gaji a can ka nemi taimako, akwai masu yi, kuma ba zunubi ba ne.

Saura abu ɗaya, wanda shi ya fi ba ni haushi da kai. Ka ce sa'arka ita ce Inna ba ta sani ba. Mai Ƙarfe, ka taɓa zama a wannan keken? Bakin mai turi a daidai kan kunnen na zaune yake. Duk hakin da ka yi, a kunnenta ka yi shi. Ta ji wayar da ba ta yi ƙara ba, sau uku, ta ji ɗanta yana gaisawa da iska. Matar da ta yi shekara sittin tana cefane ba ta buƙatar minti biyar kafin ta san tumatir bai yi mata ba, kuma mayafi ba ya zamewa a wuri ɗaya kowace Asabar. Ta auna inda numfashinka ke ƙarewa, ta kafa maka wurin hutu biyu, ta ɗauki sunan mai surutu don kada kai ka ɗauki sunan rago. Kai kuma kana bayanta kana jin haushinta.

Ta sani, kuma ba ta sauya wanda ta nuna ba. Don haka tsoronka na biyu ka ajiye shi. Asabar mai zuwa, in kun kai wajen mai tumatir, ka riga ta magana. Ka zagayo gabanta ka durƙusa, ka ce mata ka gaji, ka je asibiti, kuma ka fara gyara. Sannan ka sayi tumatir ɗin bawan Allahn nan, ya yi haƙuri da ku da yawa.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa sakamakon asibiti ya yi kyau. Allah ya kai Inna ɗakinsa lafiya, ya dawo da ita lafiya, ya sa hannun da ta sani ne a bayanta.

Taku,
Ummusalma.